Littafina a Shagon Taubashina

Sa guda na sayar na buga littafina na farko. Ba ƙaramin sa ba ne kuwa. Shekara biyu yana turke a bayan gida ina ba shi harawa da dusa, har maƙwabta kan leƙo ta katanga su yaba. Ranar da dillali ya ja shi kasuwa matata ta ɗauki tsintsiya ta share turken sau biyu, alhali babu abin sharewa.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Ƙaraye, farkon shekarun casa'in. Zamanin ne da littattafan Hausa suka ɓarke a Kano, duk wanda yake da biro da littafin rubutu yana jin shi ma akwai labari a cikinsa. Ni ma na ji haka, kuma har yau ban yarda na yi kuskure ba. Shekara uku na yi ina rubutawa, yawanci lokacin hutun tara, a gindin darbejiyar da ke bakin ofishin hedimasta, yara suna can suna sayen rogo da ƙuli. Labarin wani direban babbar mota ne da ya tafi kudu da lodin gyaɗa bai dawo ba, da matarsa da ta ƙi yarda a yi masa sadakar uku, ta ce ba ta ga gawa ba.

Na kai shi wata ƙaramar maɗaba'a a Kano. Mai maɗaba'ar, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, shi ya ba ni shawara in sa layi guda a shafin farko cewa haƙƙin mallakar littafin na marubucin ne, ba a yarda wani ya juya shi ba sai da izini. Wallahi wannan layin ya fi duk labarin yi mini daɗi. A mota, kwalayen suna bisa rufi ni ina ciki da kwafi ɗaya a cinya, na karanta shi ya fi sau goma kafin mu iso gida.

To, ina da taubashi. Ɗan goggona ne, ƙanwar babana, tsakaninmu wata bakwai, kuma tun muna rarrafe muke tsokanar juna. Wanda ya tashi a gidajenmu ya san yadda abin yake. Taubashinka zai shigo gidanka ba sallama, ya ɗauke hular kanka ya sa, ya kira ka bawansa a gaban surukanka, kai kuma ba ka da ikon fushi, sai dai ka rama in ka samu hanya. Duk maganar da ta shiga tsakaninku wasa ce, ko da kuwa kuna yin ta da jan ido. Shi nawa a aji huɗu ya bar makaranta ya bi shanu, ya gaji da shanu ya koma sayar da kananzir, daga nan ya kafa wani ɗan kes na langa-langa a bakin tasha, yana sayar da batir da ashana, yana kuma ba da hayar littattafai. Karatun nasa da ƙyar ne, sai ya ɗora yatsa a layi yana motsa baki.

Shi na fara kai wa littafin, don in yi masa burga. Na rubuta masa a ciki cewa kyauta ce daga ubangida zuwa ga bawansa. Ya karɓa ya jinjina shi a hannu, ya juya gaba ya juya baya, ya ce, “Yanzu duk girman san nan, wannan ya koma? Ina ƙahon?” Mutanen da ke kan bencinsa suka yi ta dariya, ni ma na yi. Na koma gida raina fes.

Sauran na rarraba su a kantuna, na ba wani mai sayar da jarida a Rogo, na ajiye wasu a makaranta. Makon farko an sayi 'yan kaɗan, yawanci abokan aiki ne da suka saya don kunya. Daga nan abin ya tsaya cak. Kwalayen suka zauna a ƙarƙashin gado, matata tana jan su waje duk ranar da za ta yi shara tana mayarwa. Ina ta ba kaina haƙuri cewa mutanenmu ba su saba da sayen littafi ba, sai a hankali.

Wata ranar Laraba na shiga ɗakin malamai na tarar da wata sabuwar malama, wadda aka turo mana daga Yola ta nan gefenmu, ta kifa kai a kan wani abu mai bangon takardar siminti tana share hawaye da gefen mayafi. Na ɗauka wasiƙar rasuwa ce. Da na gifta ta bayanta sai idona ya faɗa kan shafin, na ga maganata, wurin da matar direban take wanke rigar mijinta ta shanya duk Juma'a. Na tambaye ta wane littafi ne. Ta ce ita ma ba ta san sunansa ba, lamba sha bakwai ne dai na shagon tasha, kuma in ina so in je in sa suna da wuri, don akwai mutum shida a gabana. Ta ce rabin farko ne wannan, na biyun yana hannun matar wani ɗan sanda.

Ban ce mata ni na rubuta ba. Kunya ce ta hana ni ko baƙin ciki, ban sani ba. Ana tashi na wuce tasha ko gida ban biya ba.

A nan na ga yadda yake aikinsa. Duk littafin da ya shigo hannunsa, abu na farko sai ya cire bangon, don ya ce bango ne yake fara yagewa. Sai ya raba littafin biyu, ya yi wa kowane rabi sabon bango da takardar buhun siminti, ya ɗinke da basilla da zaren buhu, ya ɗiga masa lamba da jan fenti. Haka littafi ɗaya yake shiga gida biyu a rana ɗaya. Bangunan kuwa sai ya jera su a igiya a gaban kes ɗin don jan hankalin masu wucewa. Ga nawa nan a tsakiya, rana ta fara cin launinsa. Shafin farko ma ya biyo bangon, yana reto a jikinsa, da sunana da layin haƙƙin mallakar da kyautar da na rubuta masa, duk suna shan iska.

Na ce masa ya zo gefe mu yi magana. Ya ce a'a, bawa ba ya kiran ubangida gefe, in faɗa a nan kowa ya ji. Na faɗa. Na ce wannan abin da yake yi shi ya hana a sayi littafina, kuma ba shi da izini.

“Kai ka ba ni ko sata na yi?” in ji shi.

Na ce ni na ba shi.

“To in ka ba ni jaki kyauta, na ba mai itace haya, sai in kawo maka kuɗin?”

Na ce takarda na ba shi, ba labarin ba. Labarin nawa ne, ni na zauna shekara uku na haife shi. Ya juya wajen mutanen benci ya ce su ji, wai an ba shi ƙwarya an ce furar ciki ba tasa ba ce. Aka kwashe da dariya har wani tsohon direba yana buga cinya. Suka ce yau taubasai sun tashi da ƙarfinsu. Ni kuwa na tsaya ina murmushin dole.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai, kuma zan faɗe shi da sunansa, hassada ce. Ba ta kuɗi ba ce kawai, ko da yake har da su. Lokacin ana aikin dam, gari ya cika da leburori da direbobi da magina, mutane masu albashi da ba su da abin yi bayan la'asar. Shagon taubashina ya zama wurin zamansu. Daga kes ya koma shago mai ƙofar ƙarfe. Ya sayi akwatin bidiyo da ɗan janareto, ya fara ba da hayar kaset. Kafin shekara ta zagayo ya sayi babur, ya ɗaura masa akwatin katako a baya, ranar kasuwar Rogo sai ya cika shi da littattafai da kasusuwa ya tafi, ya biya ta Zoza, wani lokaci har Ruwan Bago. Ni ina nan da kekena mai sarƙar da take zamewa, in na ji ƙarar babur ɗinsa ta bayana sai in ƙi waiwayawa. Shi kuma sai ya rage gudu ya tambaye ni ko in kama akwatin ya ja ni.

Lamba sha bakwai ta yi masa kasuwa har kwafi ɗaya ya kasa. Kada ka ɗauka saye ya zo yi. Ina makaranta ya shiga gidana, ya ce wa matata ta dama masa fura, kafin ta gama ya durƙusa ya jawo kwali daga ƙarƙashin gado ya zari biyu ya sa a aljihun babbar riga. Da na dawo ta ba ni labari tana dariya. Na ce me ya sa ba ta hana shi ba. Ta dube ni da mamaki ta ce yaushe aka fara hana taubashi ɗaukar abu a gidan taubashinsa, ai ni ma bara na ɗauke masa rediyo wata guda. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya ƙara ƙona ni.

Amma duk wannan da sauƙi a kan abin da nake gani a bencinsa. Mutumin nan bai taɓa karanta littafin da idonsa ba, matarsa ce ta karanta masa. Sai ga shi ya haddace shi tsaf. Mutane sukan dawo da rabin farko su zauna su tambaye shi ko direban yana raye, shi kuma ya gyara zama ya lumshe ido ya ce ba zai faɗa ba, amma su shirya hankici. Yana kwaikwayon muryar matar, yana kwaikwayon yaron mota mai in'ina, har ya ƙara wa labarin abubuwan da ban sa ba. Ranar da na tsaya a bayan wata motar itace ina saurarensa, sai na tarar abin da ya ƙara ya fi nawa armashi. Na daɗe ban yafe masa wannan ba. Da aka tambaye shi ko akwai ci gaba, sai ya ce su kwantar da hankalinsu, ya sa a rubuta, yaronsa yana kan aiki.

Wata rana na je ta'aziyya Rogo. Muna zaune a zaure bayan addu'a, hira ta ɗan sake, wani mutum da ban sani ba ya ji an ce ni malamin makaranta ne, sai ya matso ya ce tunda ina son karatu akwai wani littafi da ya kamata in nema, na mai babur ɗin nan na Ƙaraye. Ya ce mutumin nan Allah ya ba shi kai, dubi bai yi boko mai zurfi ba amma ya fi masu bokon iya tsara magana. Na ce ai haya kawai yake bayarwa, wani ne ya rubuta. Ya ce to ko ma wane ne, shi dai a hannun mai babur ya gani. A hanyar dawowa ko gyaɗar da aka ba ni ban iya ci ba.

Na kai ƙara wajen Goggo, mahaifiyarsa. Na same ta tana kaɗa nono a tsakar gida. Na gaishe ta, na zauna, na zayyana mata komai tun daga sa har zuwa Rogo. Tana saurare tana kaɗawa. Da na gama ta yi dariya har ta ajiye maburgi, ta yi wata magana da Fillanci wadda ma'anarta ita ce mun girma ba mu girma ba. Ta ce ita ba ta shiga tsakanin taubasai, in je in kwashe masa kasusuwan bidiyon in ɓoye, sai mu yi kunnen doki. Na ce Goggo ba wasa nake yi ba. Ta ce ta sani, ai wasan da ba a yi kamar gaske ba shi da daɗi. Ta zuba mini kindirmo ta ce in sha in tafi.

Wannan ita ce matsalata gaba ɗaya. Babu wata fuska da zan sa, babu wata murya da zan yi, da za a yarda da gaske nake. In na ɗaure fuska a shagonsa sai a ce yau bawa ya sha kunu, a matso a ga yadda za ta kaya. In na ɗaga murya sai a tafa. Na taɓa cewa zan daina yi masa magana, sai ya bi ni har ƙofar masallaci yana yi mini kirari. Duk garin babu mai ganin marubuci da mai haya, taubasai biyu kawai suke gani.

Da hutu ya zo na shiga Kano na biya maɗaba'a. Dattijon ya tambaye ni yaushe za a sake bugu. Na gaya masa gaskiya. Ya ce ba ni kaɗai ba ne, marubuta da masu shirya wasan bidiyo duk kukan da suke yi ke nan, mutum ɗaya ya saya ɗari su karanta. Ya ce ya ji wasu masu haya a birni sun fara yarda su sayi kwafin haya daban, mai hatimi, a farashin da ya fi na kowa, don mai abu ya samu wani abu. Ya ce ni ma in rubuta wa nawa takarda a hukumance, don maganar baki iska ce ke ɗauke ta. Ban gaya masa mai hayar taubashina ba ne. Na san da na faɗa da ba haka zai ce ba, shi ya sa na yi shiru.

Na dawo na je wajen mai tafireta da ke zama a bakin sakateriya, wanda yake buga wa mutane takardun neman aiki da na ƙorafi. Da Turanci na tsara wasiƙar. Zan so in ce don ta fi kama da ta hukuma ne, amma ba shi ke nan ba. Na so ne ko sau ɗaya ya riƙe wata takarda tawa da ba zai iya mayar da ita abin hira ba. Na kira shi da cikakken sunansa, na ce yana cin moriyar aikina ba da izini ba, na ba shi mako biyu ya daina ko ya zo mu yi yarjejeniya, in ba haka ba zan ɗauki matakin da doka ta ba ni. Na sa hannu, na sa kwanan wata. Tsakanin gidana da nasa bai kai tafiyar minti biyar ba, amma gidan waya na kai ta, na biya rajista, don sai ya je da kansa ya sa hannu kafin a ba shi.

Yadda ta isa, malamin asibitinmu ne ya ba ni labari daga baya, kuma bai ba ni da daɗin rai ba. Ya ce taubashina ya dawo daga gidan waya yana ɗaga ambulan sama, yana cewa yau shi ma ya zama babban mutum, an aiko masa da wasiƙa mai rajista. Ya ɗauka daga masu ba shi kaset ne a Kano, don sun yi masa alkawarin wakilci. Bencin cike yake. Ya miƙa wa malamin asibitin ya ce ya karanta da ƙarfi ya fassara, kowa ya ji. Shi kuma ya fara, yana karanta layi yana juyawa da Hausa, bai ankara ba sai da ya yi nisa. Ya ce da farko an fara dariya, ana jira a ji inda wasan zai ɓullo. Da aka zo kan maganar doka sai dariyar ta ɗauke. Taubashina ya tambaya ko akwai wani abu a ƙasa, ko a baya, wata 'yar magana da hannu. Aka juya takardar, babu komai sai sa hannuna. Ya karɓa ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce wa mutane zai rufe shago ya je salla, alhali da sauran lokaci.

Kwana uku ban gan shi ba. Na bi ta tasha da gangan na ga an cire bangon littafina daga igiya, an matso da na gefe an rufe gurbin. Na ji wani daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina yau dai an san da ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina zaure, sai na ji sallama. Muryarsa ce, amma ban gane ta nan da nan ba, don ban taɓa jin ta tana sallama a ƙofata ba. Na amsa. Ya sake yi, ya tsaya a waje har sai da na ce ya shigo. Yana sanye da babbar rigarsa ta Idi, tare da Baffa, yayan babana, wanda shi ne babba a danginmu a lokacin. Na ba Baffa buzu. Shi kuwa taubashina ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa, nesa da tabarma. Ya gaishe ni. Ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi ɗalibai, ɗaya bayan ɗaya, kansa a sunkuye, kamar yadda ake gaida hakimi.

Baffa ya ce an karanta masa takardar, kuma ya tambayi masu sani, sun ce ina da magana. Ya ce shi dai abin da bai taɓa gani ba a danginmu shi ne ɗan mace da ɗan namiji su yi magana ta gidan waya, amma zamani ne, kuma tunda na zaɓi haka, ga shi ya kawo shi. Bai ƙara ba.

Taubashina ya kwance wani ɗauri ya tura gabana. Rabi shida ne na littattafai uku, sun yi baƙi, gefunansu sun lanƙwashe, wani da tabon manja, wani an like shi da ƙullun tuwo. Ya haɗa da bangon da ya koɗe. A kai ya ɗora wani ƙullin tsumma da kuɗi a ciki.

“Malam,” ya ce, “ban san haƙƙinka nake ci ba. Na ɗauka namu ne. Wannan abin da na iya tunawa ne, in da saura a gaya mini in ciko. A yafe mini.”

Tunda aka haife mu bai taɓa ce mini Malam ba sai in zai haɗa da wata tsiya a baya. Na jira tsiyar, ba ta zo ba. Na yi dariyar da ba ta fito da kyau ba, na ce, “Kai bawa, tashi ka hau tabarma, wa ya ce ka zauna a ƙasa?”

Ya ce, “Nan ma ya isa, Malam. Allah ya ƙara girma.”

Matata ta aiko da fura. Ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Baffa ya yi addu'a, suka tashi. Na raka su bakin ƙofa, ya sake durƙusawa ya yi mini sai an jima.

Na samu abin da na nema, har da ƙari. Daga ranar babu wanda ya sake karɓar hayar littafina a Ƙaraye ko Rogo. Na zauna ina jiran masu saye, tunda yanzu babu wata hanya sai ta wajena. Mutum biyu suka nema. Ɗaya matar da ta karanta rabin farko ce aka karɓe kafin ta samu na biyu, ta aiko a tambaya ko zan sayar mata da rabi. Sauran da ke layi suka koma lamba sha takwas da sha tara, ba a yi wata biyu ba aka daina zancen direban da matarsa. Ci gaban da na riga na rubuta rabinsa yana nan a littafin rubutu har yau. Kuɗin da ya kawo ban taɓa kwance ƙullin ba sai da aka canza kuɗi suka tashi aiki.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, kada a ce ban yi ba. Na je shagonsa na ɗauki kaset biyu a gabansa na sa a aljihu na juya, ina jira ya biyo ni da zagi. Ya ce Malam ya ƙara da wannan, sabo ne, ya sa mini a leda. Na kai masa littafi biyar sababbi na ce ya ba da haya, na yafe, ba na son ko kwabo. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya jera su a kanta da bangonsu, ya rubuta farashin sayarwa a jiki, duk wanda aka saya sai ya aiko mini da kuɗin cif a ambulan. Na koma wajen Goggo. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce ai na ce ba wasa nake yi ba, to ga shi an ji.

Shekaru sun tafi. Shagon ya daina littattafai ya koma kaset zalla, daga baya ma ya bar sana'ar ya koma sayen hatsi. Ba mu taɓa faɗa ba. Duk abin da ya same ni, na daɗi ko na kuka, shi ne na farkon zuwa, ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa.

Hassadar ce dai ba ta bar ni ba, sai wuri da ta canza. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ko wasiƙa bai taɓa rubutawa ba, shi ma taubashinsa ne. Ranar sunan jikan Baffa muna zaune a rumfa an raba nama a kwanuka. Ina kallo taubashina ya lallaɓo ta bayan ƙanena, ya sa hannu ya ɗauke tsokar da ta fi girma ya jefa a baki, ya ce bawa ba ya cin tsoka a gaban ubangidansa. Ƙanena ya tashi ya bi shi da takalmi, suna zagaya rumfar, mutane suna ta dariya, furfura a kan kowannensu. Ni da na kusa sittin, sai na tsinci kaina ina tura kwanona bakin tabarma, wajen da zai wuce, na kau da kai kamar ban san da shi ba.

Ya zo wucewa yana haki yana dariya. Ya ga kwanon. Ya tsaya, ya gyara rigarsa, ya durƙusa ya matsar da shi gabana a hankali ya ce kada wani ya taka wa Malam. Sannan ya tambaye ni ya gajiyar taro.

Na ce gajiya ta bi lafiya. Na cinye namana ni kaɗai.